Kaza da Asalinta a Ƙasar Daura

Duk ƙasar Hausa ba inda aka riƙi sanin asali da daraja kamar Daura. A can ne a ke da Girgam, watau lissafin waɗanda suka mulki garin, tun daga sarauniyoyin farko har zuwa Daurama, sa'an nan Bawo ɗan Bayajida da waɗanda suka biyo bayansa. Saboda irin wannan lissafi ne, sa'ad da Turawa suka komo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon Daura cikin shekara ta 1906, bayan gidansu ya yi shekara ɗari a waje, aka san gidan da ya fito, aka kuma san kakanninsa da sunayensu.

Ba ga mutane kaɗai sanin asali ya tsaya ba. Bafillatani ya kan dubi saniya cikin garke ya faɗi uwarta da kakarta. Mai sayen doki ba ya gajiya da tambayar inda dokin ya fito. Amma akwai wata halitta guda wadda da wuya a sami gidan da ba ta, daga Daura zuwa Sandamu, daga Zango zuwa Ɓaure, ba kuwa mai tambayar asalinta. Ita ce kaza. In aka tambayi uwargida wane zakara ne uban 'yan tsakin nan, dariya za ta yi, ta ce ai zakarun unguwa ba su ƙidayuwa.

Alhali kuwa kaza ba ƙaramar dukiya ba ce. Ita ce asusun mace. In yaro ya kwanta ciwo, kaza a ke kamawa a kai kasuwa a sayo magani. In baƙo mai daraja ya sauka, ita ce ke fid da maigida kunya. Mai jego da amarya duk suna da rabo a cikinta. Zakara kuwa shi ne agogon talaka tun ba a san agogo ba, har akwai hadisin da ya hana a zage shi, domin yana ta da mutane salla. Cikin 1990 Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi ƙidayar dabbobin Nijeriya, aka sami kaji wajen miliyan 82. Daga cikinsu wajen miliyan 72 kajin gida ne masu kiwo a tsakar gida da bayan danga, sauran ne na gidajen gona.

Inda kaza ta fito

Abin mamaki, kaza baƙuwa ce a ƙasashen nan. Zabo shi ne ɗan ƙasa, a Afirka aka same shi, a nan kuma aka mai da shi na gida. Kaza kuwa asalinta wata tsuntsuwar kurmi ce ta ƙasashen gabas mai nisa, wajen Tailan da Bama da kudancin Sin, har yanzu kuwa akwai ta a dazuzzukan can. Masu tonon tsofaffin kufai sun sami ƙasusuwan kajin gida a wani wuri wai shi Ban Non Wat, a ƙasar Tailan, waɗanda suka fi shekara 3,000. Daga can ta yi ta yaɗuwa hannu da hannu. A Afirka an sami ƙasusuwanta a Mezber, cikin ƙasar Habasha, na wajen shekara 600 zuwa 800 kafin haihuwar Annabi Isa. A Afirka ta Yamma an same su a kufan tsohuwar Jenne, cikin ƙasar Mali, na tsakanin shekara ta 500 da ta 850.

Watau ke nan kaza ta fi shekara dubu tana zaune a wannan sashi na duniya. Cikin wannan dogon zamani ba mutum ne ya yi ta zaɓenta ba, ƙasa ce da kanta. Ƙasar Daura ruwanta ba ya wuce wata huɗu, zafin bazara ya kan haura awo 40, ga shaho da shirwa a sama, ga muzuru da maciji a ƙasa. Wadda ba ta iya tono ba yunwa ta kashe ta. Wadda ba ta da kunnen jin kukan gargaɗi shirwa ta sure 'ya'yanta. Abin da ya saura shi ne kazar nan da kowa ya sani: ƙarama, mai zafin nama, nauyinta bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, ƙwanta a shekara 40 zuwa 60, amma ta iya kwanci, ta iya reno, ba ta kuwa cin kuɗin kowa.

Hausawa sun lura da bambancin kamanninta, sun sa musu sunaye. Akwai fingi mai gashi a murɗe, akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai mai wuya ba gashi, wadda ta fi sauran jure zafi, akwai kuma kajin Fulani da a ke samu a ruga, waɗanda suka ɗara na gari tsawo da nauyi. Sai dai duk waɗannan kamanni ne kurum, ba iri ba ne, domin kullum cuɗanya su ke yi. Abin da a ke kira iri na asali shi ne wanda in aka haɗa zakaransa da kazarsa, 'ya'yan su fito kamar iyayen, jikoki ma su fito haka, a launi da girma da yawan ƙwai. Mai kajin Fulani a ruga shi ya fi kusa da wannan, don ba shi da maƙwabcin da zakaransa zai ƙetaro masa.

Yadda Turawa suka yi nasu

Kada a zaci Turawa da kyawawan kaji aka halicce su. Shekara ɗari biyu da suka wuce yawancin kajin ƙauyukan Ingila barkatai su ke kiwo a bakin juji kamar na ko'ina. Wani manomi ne wai shi Robert Bakewell, wanda ya rasu cikin 1795, ya fara nuna wa mutanen ƙasarsa amfanin raba maza da mata na tumaki da shanu, a haɗa wanda a ke so da wadda a ke so kaɗai. Kaji ba su shiga wannan sha'ani sosai ba sai bayan 1840, sa'ad da aka kawo wa Sarauniya Biktoriya waɗansu manyan kaji daga gabas, irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Da labari ya bazu, sai sha'awar kaji ta kama mutane kamar zazzaɓi. Aka yi nunin kaji a Landan cikin 1845, aka yi wani a Boston ta Amurka cikin 1849. Da gardama ta yi yawa a kan wace kaza ce ta fi, sai aka rubuta siffofin ko wane iri cikin littafi, launinsa, da nauyinsa, da tsayuwarsa. Na Ingila ya fito cikin 1865, na Amurka cikin 1874.

Labarin jar kazar nan ta Amurka, mai suna Rhode Island Red, ya isa a tsaya a kansa, domin daga baya ta shiga ƙauyukan Nijeriya. An ce cikin 1854 wani mutumin Little Compton wai shi William Tripp ya sayi wani jan zakara na ƙasashen gabas a hannun wani matuƙin jirgin ruwa, ya sake shi cikin kajinsa. 'Ya'yan suka fito sun fi iyayensu mata girma da ƙwai. Shi da maƙwabtansa suka yi ta ajiye nagari suna fid da sauran, shekara da shekaru. Ba a karɓi kazar cikin littafin nan na Amurka a kan ta zama iri mai zaman kansa ba sai cikin 1904. Daga zakaran farko zuwa iri, shekara hamsin cif. Mutanen wurin har dutsen tunawa suka kafa mata cikin 1925. Zakaranta ya kan kusa kilo huɗu, kazar kuwa, in ta sami abinci, ta kan yi ƙwai 200 ko fiye a shekara.

Wata dabara da ta taimaka ƙwarai ita ce akwatin ƙwai mai tarko, wanda aka fara aiki da shi wajen ƙarshen ƙarni na 19. In kaza ta shiga yin ƙwai sai ƙofar ta rufe, ba ta fita sai mai ita ya zo ya duba lambar da ke ƙafarta ya rubuta. Da haka aka gane cewa cikin garke guda wata tana yin ninki biyu na wata, alhali abinci ɗaya su ke ci.

Masana kuma suka zo da bayanin dalili. Wani malamin Kirista, Gregor Mendel, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani irin wake cikin 1866, ba wanda ya kula sai cikin 1900. Da aka tashi gwada maganarsa a kan dabbobi, kaza na cikin na farko. William Bateson da Reginald Punnett, a Kambirij ta Ingila, suka dubi zanko, watau jan naman nan na kan zakara. Suka haɗa mai zanko mai faɗi da mai ƙaramin zanko mai layi uku. 'Ya'yan duka suka fito da wani dunƙulallen zanko wanda ba na uwa ba ne, ba na uba ba. Da aka haɗa 'ya'yan nan junansu, sai jikoki suka fito iri huɗu, har ɗaya cikin ko wane 16 ya zo da miƙaƙƙen zanko mai haƙora kamar zarto, wanda ba a gani ga iyaye ko kakanni ba. Ashe hali ya kan ɓuya cikin jini, ya ƙetare 'ya'ya ya fito ga jikoki. Ana iya ganin irin wannan a tsakar gida. In aka haɗa fingi da fingi, ba duka 'ya'yan ke zama fingi mai kyau ba: wajen rabi ne, kashi ɗaya cikin huɗu su fito da gashi sosai, sauran kashi ɗayan kuwa gashinsu ya yi ta karyewa har su zama kusan tsirara.

To, in an duba, abu uku ne suka yi wa Turawa iri: shinge, da zaɓe, da rubutu. Ba kuwa sai a Turai a ke iya wannan ba. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, da irin wannan hanya aka tsare ta. A zamanin Turawa hukuma ta sa ana fiɗiye bunsuran da ba jajaye ba, cikin 1963 kuma aka buɗe gidan kiwonta na musamman a Maraɗi.

Zakaran gwamnati

A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, aka ga farkon aikin likitocin dabbobi a Arewa. An kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Bom cikin 1924, aka buɗe gonar kiwo ta Shika, kusa da Zariya, cikin 1928. Amma hankalin hukuma a kan shanu ya ke, don su ke kawo jangali, su ne kuma ciwon bushiya ke karkashewa. Kaza sai daga baya aka waiwaye ta.

Da aka waiwaye ta, dabarar da aka fi dogara da ita ita ce musayar zakara. Malaman gona su kan kawo zakarun Turai, yawanci jan nan na Amurka, wani lokaci farin nan mai baƙin wuya da a ke kira Light Sussex. Mutum ya ba da zakaransa na gida, a ba shi na gwamnati. An yi haka a wurare da yawa na Nijeriya kafin samun mulkin kai da bayansa, an kuma yi a ƙasashen da Faransa ta mulka. A takarda dabarar ba ta da aibi. Zakara ɗaya ya isa kaji goma, 'ya'yansa kuwa lalle sun fi na gida girma da ƙwai. Amma bayan 'yan shekaru, in aka koma ƙauyen, sai a tarar da kajin sun koma yadda su ke dā, sai dai ɗan ja-ja a gashin wata.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Na farko, ba a taɓa iya kwashe zakarun gari duka ba. Wani ya ɓoye nasa, wani ya sayo a kasuwa, ga kuma 'yan tsaki maza suna tasowa. Zakaran gida kuwa ya fi baƙon gudu da faɗa, kafin mai nauyin jiki ya juya an riga shi. Na biyu, baƙon bai saba neman abinci a juji ba, bai san shaho ba, zafin bazara kuma ya kan sa shi lahani. Ba safai ya ke daɗewa ba.

Na uku shi ne lissafi, shi ne kuwa ya fi muhimmanci. 'Yar baƙon zakara rabin jininta na uba ne. In zakaran gida ya yi mata barbara, 'ya'yanta kashi ɗaya cikin huɗu ke gare su. Jikokinta ɗaya cikin takwas, na bayansu ɗaya cikin 16. Kaza kuwa ba ta cika shekara ba ta zama uwa, saboda haka cikin shekara huɗu jinin ya narke kamar gishiri a rijiya. Da an bi ta ɗaya hanyar, ana kawo sabon zakara na asali ko wace shekara, da lissafin ya juya: rabi, sa'an nan uku cikin huɗu, sa'an nan bakwai cikin takwas. William Tripp ma da baƙon zakara ɗaya ya fara. Bambancin kurum, shi da mutanensa ba su saki aikin ba.

Akwai kuma wani abu da masu shirin ba su auna ba. Kajin da aka zaɓa don yawan ƙwai an rage musu halin kwanci, domin kazar da ke kwanci ba ta ƙwai. Matar ƙauye kuwa ba ta da injin ƙyanƙyasa. Kazar da ba ta kwanci, a wurinta, ƙarshen garke ke nan. Har ƙwan zabi ma, a ƙasar Daura da maƙwabtanta, kaza a ke sa wa ta kwanta a kai, kwana 26 zuwa 28, don zabuwa ba ta da haƙurin reno. Matan da suka ƙi rabuwa da 'yan kajinsu na gida ba jahilci ya sa su ba, sun san abin da su ke tsaro.

Bisa ga wannan duka ga annoba. Ciwon nan da ke sa kaji zawo kore, da haki, da murɗewar wuya, an fara gane shi cikin 1926 a tsibirin Jawa da kuma garin Niyukasil na Ingila, shi ya sa likitoci ke kiransa da sunan garin. A Nijeriya an tabbatar da shi cikin 1952 wajen Ibadan. A Arewa ya fi tsanani lokacin hunturu, in ya shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba ya kan share shi kusan kaf. Kasuwa ce babbar hanyarsa. Da mutum ya ga kazarsa ta fara sanyi sai ya yi maza ya kai ta kasuwa, mai saye ya kai ta gida ya sake ta cikin nasa. Babbar kasuwa irin ta Mai'aduwa, inda kaya ke haɗuwa daga Nijeriya da Nijar, alheri ce ga mai sayarwa, amma mai neman kafa iri sai ya yi hattara da abin da ya ɗauko daga can.

Kajin gidan gona

Cikin 1948 aka yi wata gasa a Amurka ta neman kazar da ta fi saurin yin nama. Wanda ya ci, ba da iri guda ya ci ba, iri biyu ya haɗa. Tun daga nan manyan kamfanoni suka kama wannan hanya. Su kan tsare dangogi biyu ko huɗu daban daban, ko wanne tsantsa, su haɗa su, su sayar da 'ya'yan. Waɗannan su ne 'yan tsakin kwali da suka cika Nijeriya, musamman bayan shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo cikin 1976, sa'ad da aka yi ta kiran ma'aikata da 'yan makaranta su yi kiwo a bayan gida. Suna da ƙwai, suna da nama, amma ba iri ba ne. Wanda ya tara ƙwansu ya sa aka ƙyanƙyashe zai ga abin da Bateson ya gani, jikoki ko wanne da kamarsa, ba kuwa mai kai iyayen. Dole ko wace shekara a koma a sayo. Mutane da yawa sun yi hasarar kuɗi don rashin sanin wannan.

Masanan Nijeriya ma sun yi nasu ƙoƙari. Gonar nan ta Shika ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa cikin 1976, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuwa fito da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, wadda aka yi wa rajista cikin 2000. A Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta, Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta yi fiye da shekara ashirin tana haɗa kajin gida da na waje tana zaɓe, har aka yi wa FUNAAB Alpha rajista cikin 2018. Wani kamfani a jihar Oyo ya fito da Noiler, wadda ta bazu har ƙauyukan Arewa. Daga 2015 aka yi wani babban gwaji a gidajen manoma na jihohi biyar, har da Kebbi, aka jera kaji iri shida. Cikin shidan nan har da kazar Fulani. Watau bayan an daɗe ana neman a musanya kazar gida, an komo ana auna ta kafaɗa da kafaɗa da baƙi. Murar tsuntsaye da aka tabbatar a wata gona a Jaji, cikin jihar Kaduna, a watan Fabrairu na 2006, ita ma ta koya wa masu kiwo haɗarin shigo da tsuntsun da ba a san inda ya fito ba.

Mai son farawa

Mutumin ƙasar Daura da ke son kafa ɗan garke na iri guda yana da hanya biyu. Ko ya nemi baƙon iri na asali, abin da ke da wuyar samu, tun da yawancin abin da a ke sayarwa haɗe-haɗe ne, ko kuwa ya zaɓa daga cikin kajin ƙasarsa. Ta biyun ta fi arha, ta kuma fi dacewa da wanda ba shi da lantarki. Ya tsai da siffar da ya ke so tun farko, misali ja mai tsawon ƙafa irin na Fulani, ya rubuta ta, kada ya sāke. Zakara ɗaya da sagaru takwas ko goma sun isa. Kada zakaran ya zama ɗan'uwansu. Duk wadda aka sayo a ware ta mako biyu tukuna a ga lafiyarta.

Sa'an nan shinge. Dangar kara mai tsawo ta isa in an toshe ƙasanta, a kuma rage gashin fiffike ɗaya, don kazar gida tana tashi. A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Kaza ta kan riƙe barbarar zakara cikin jikinta har mako biyu ko uku. Saboda haka wadda aka kamo daga yawo, ƙwan da ta yi cikin mako ukun farko na ci ne, ba na kwanci ba.

Wanda ya tsare kaza ya ɗauki nauyin cikinta. Kaji goma su kan ci wajen kilo ɗaya a yini, watau kusan rabin tiya. Gero ko dawa kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da dusa, da ƙuli-ƙuli, da ganye irin na zogale, da ƙonannen ƙashi da aka daka don ƙarfin ɓawon ƙwai. 'Yan tsaki kuwa ba abin da ya fi musu gara. Wannan kuɗi ne, ya kamata a lissafta shi tun ba a fara ba, shi ya sa farawa da kaka, sa'ad da hatsi ke da arha, ya fi sauƙi. Amma da kaka hunturu na bisa hanya, saboda haka rigakafi ya riga kome. Akwai wani maganin rigakafin annobar nan mai suna I-2, wanda aka fara yi a Ostireliya, a ke kuma yinsa a Bom. Ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya a ke yi a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Malamin dabbobi shi zai nuna yadda a ke yi.

Ƙwan da za a sa kwanci kada ya wuce kwana bakwai a ajiye. A sa shi wuri mai sanyi, kamar gindin randa, tsininsa a ƙasa. Da bazara zafi ya kan ta da ɗan tayin tun ƙwan yana ajiye, sa'an nan ya mutu, shi ne a ke samun baragurbi da yawa. Ƙaramar kaza ba ta rufe fiye da ƙwai goma ko sha biyu. Bayan kwana bakwai zuwa goma a haska ko wanne da tocila cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, wanda ya ke garau a fid da shi. Ran kwana 21 su ke ƙyanƙyashewa.

Rubutu kuwa ba ya bukatar kome sai littafi na 'yan makaranta da fensir. A ɗaura wa ko wace kaza zare mai launi dabam a ƙafa, a ba ta shafi guda. A rubuta ranar da ta fara ƙwai, da yawan da ta yi, da nawa ta ƙyanƙyashe, da nawa suka kai wata biyu da rai. A kan ɓawon ƙwai ma a sa alamar uwa da kwanan wata. Bayan shekara guda shafuffukan nan za su nuna wadda ta cancanci a ajiye 'ya'yanta, ba kuwa kullum ita ce wadda ta fi kyaun gani ba.

Zaɓen ne ya fi wuya, domin ya saɓa wa al'ada. A gidajen Hausa zakaran da ya fi girma shi a ke kama wa baƙo, shi a ke kai kasuwa da Salla don ya fi kuɗi. Ƙanƙanin da ba wanda ya so, shi a ke bari ya zama uban garke. Shekara da shekaru ana haka, ana rage wa kaza girma ba a sani ba. Mai kafa iri sai ya juya abin. Mafi kyau shi ke zama, na baya su ke shiga tukunya, ko da yara sun shaƙu da su, ai sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Saura matsalar jini. In zakara ya yi ta hawan 'ya'yansa da jikokinsa, ƙwai ya kan rage ƙyanƙyasuwa, 'yan tsaki su yi rauni. Masu kiwon kajin asali suna da tsohuwar dabara a kan wannan, wadda gidaje uku a ƙauye guda za su iya bi in sun yarda da siffa ɗaya. Sagaru ba su barin gidan uwarsu. Zakaru ne ke tafiya. Ko wace shekara gida na farko ya ba na biyu mafi kyaun ɗan zakaransa, na biyu ya ba na uku, na uku ya ba na farko. Kafin jinin zakara ya kewayo gidan da ya fito an yi haihuwa uku, dangantakar ta yi nisa.